Lambar da Ta Rage a Allon Esme

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairun bana, da hantsi, Mai abu ya karɓi abinsa. Lyall Penhall, ƙanin mijina, mai ɗaukar hoton nan na garinmu Carrow, ya rasu a kan tudun tsohuwar mahaƙar Esme yana da shekara saba'in. Likitan da jirgi ya kawo ya ce zuciya ce, zafin ranar kuma, da yake Janairu tsakiyar bazara ce a wajenmu, ya taya ta. Mirko, wani dattijon tsohon mahaƙi, shi ne ya tsince shi zaune a inuwar ɗakin sauya kaya, ya jingina da bangon kwano, hularsa a kan gwiwa. Kyamararsa tana rufe cikin akwatinta, baƙin mayafinsa a ninke a kai. Ko a nan ma bai bar wa kowa wahalar tattara masa kaya ba.

Ni ce Coral, matar wansa Des. Daga nan da kai zan yi magana, Lyall, don ban saba yin zancenka a bayan idonka ba. Narelle 'yarka ta roƙe ni in faɗi wani abu a coci ranar jana'iza, na miƙe, bakina ya yi nauyi, na koma na zauna. Ga shi yanzu na kawo a makare, yadda kai ma ka saba kawo naka aikin.

Duk wanda ya tashi a Carrow ya san allon lamba tun kafin ya san allon makaranta. Yana jikin bangon ɗakin sauya kaya, katako ne mai layukan ƙusoshi. Kowane mahaƙi yana da 'yar lambarsa ta tagulla, faɗinta bai fi na kwabo ba. Zai sauka rami, ya rataye ta a ƙusarsa. Ya fito, ya cire ya jefa aljihu. Ba a fasa nakiya sai allon ya zama fanko, domin lamba a rataye shaida ce cewa mai ita yana ƙasa. Kuma ba wanda yake taɓa lambar wani, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Cire lambar mutum alhali bai fito ba rantsuwar ƙarya ce a kan ransa. An kori mutane daga aiki a kan haka, an kuma fasa wa wasu baki a mashaya.

A hunturun 1983 kuka sauka tare, kai da Des, a keji ɗaya na masu saukar da mahaƙa cikin rami, da ƙunshin burodin nama da na yi masa wanda na san rabinsa cikinka zai tafi. Rufin rami ya zubo a tsakaninku. Kai aka fito da kai da karyayyar kafaɗa, ka cire lambarka da hannun hagu. Aka yi ta tono, ƙasa tana ƙara zubowa, ruwa ya taso daga ƙasa, har kamfani ya ce a toshe wannan ɓangaren kada a ƙara asarar rai. Ina tsaye a bakin shingen waya da Glen ɗana a hannu lokacin da aka zo aka gaya mini. Ba gawa, ba kabari. An yi masa addu'a a coci a gaban hotonmu na ranar aure. Lambarsa ta zauna a allo tunda ba wanda ya ga fitowarsa, Mirko kuwa, wanda shi ne shugaban aikinku a lokacin, ya ce duk wanda ya kai mata hannu sai ya karya hannun.

Bayan 'yan shekaru jan ƙarfe ya faɗi a kasuwa, aka rufe Esme. Kowa ya cire tasa ya kama gabansa. Muna kallo aka riƙa ɗora gidaje ɗungurungum a kan tireloli ana yin kudu da su, ana bar mana matakalar ƙofa da igiyar shanya a fili. Ta Des ta rage ita kaɗai a allon. Ni kuwa tun ranar da na sauko daga tudun nan ƙafata ba ta sake taka shi ba. Daga barandata ina hango hasumiyar ƙarfen da ke bakin ramin, ina shara ina hango ta, ina shanya ina hango ta. Iyakata ke nan shekara arba'in da ɗoriya.

Kai ma ba ka sake sauka ba. Ka koma gyaran famfunan iska a gonakin tumaki, ka zama mai ƙarancin magana, kai da a da in kana wuri ba a jin kunne. Sai wata rana ka dawo daga Adelaide da wani akwati a bayan a-kori-kurarka. Muka taru muna kallo ka fito da wani abu na katako da fata mai naɗe-naɗe kamar zugazugin maƙeri, ka kafa shi a kan ƙafafu uku, ka ja baƙin mayafi ka lulluɓe kanka tare da shi. Fay matarka, Allah ya jiƙanta, ta riƙe haɓa ta ce, "Coral, kin ga sabon firjina can tsaye da ƙafa uku." Tun daga ranar gari ya raɗa maka Mai Lulluɓi. Da aka sayi firjin ma daga baya, kwalayen fim ne suka cinye rabinsa, madara da man shanu suna raɓe a ƙofa.

Falle ɗaya, hoto ɗaya, haka abin naka yake. Kowane falle ya kai faɗin shafin littafi, kana loda shi da lalube cikin duhu a wani siririn gida na katako mai murfi mai zamewa. Bakin murfin gefe ɗaya fari ne, gefe ɗaya baƙi. Fari a waje, ba a ɗauka ba tukuna. Baƙi a waje, an ɗauka, kada wanda ya buɗe. Wannan karatu duk wanda ya taɓa shiga gidanka ya haddace shi, ko yana so ko ba ya so. Sai ka wuni a kan tudu, ƙuda sun rufe maka baya, ka dawo duk murafan suna fari. In na tambaye ka, ka ce haske bai yi ba.

Na taɓa ce maka, "Lyall, a ƙasar nan da rana ke narkar da kwalta, haske ne ya yi maka kaɗan?"

Ka ce, "Yawa ya yi, matar Yaya. Ba ya jin magana."

A haka, sannu a hankali, ka kwashe Esme kaf ka zuba a takarda. Hasumiya da tsatsa ta ci, tukunyar injin da tsuntsaye suka yi sheƙa a ciki, takalmin da wani ya bari a ƙarƙashin benci, guntun sabulun da ya tsage a ɗakin wanka. Mutanen birni sun rataye hotunan a manyan ɗakuna sun rubuta maganganu masu nauyi a kansu. Ka je sau ɗaya, ka dawo kana mitar takalmin da Narelle ta tilasta ka sa.

Amma alherin da garin nan ba zai manta ba shi ne na tsofaffin mahaƙa. Ƙurar rami ta cinye musu huhu, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ka bi su gida-gida, ka ɗauki kowa a motarka ka kai shi inda ya yi aikinsa a saman tudu, mai jan keji a kujerarsa, maƙeri a gindin uwar maƙerarsa. Ɗakunan nan duhu-duhu ne, sai an bar idon kyamara a buɗe na wani lokaci, mutum ya tsaya cak. Su kuwa tari ba ya barin su. Sai ka zuba musu shayi daga fulas, ka zauna kusa da su kuna zagin kamfani har ƙirji ya lafa, sa'an nan ka shiga mayafi. Ba ka karɓi ko sisin kowa ba. Yawancinsu hotonka ne aka ɗora a kan akwatin gawarsu, kuma na san gidaje a kudu da jikoki ba su san fuskar kakansu ba sai ta wannan hoton.

Ranar da ka ɗauki Mirko a ɗakin inji, karyarsa ta kwanta a gefen ƙafarsa, can ta gaji ta tashi ta yi tafiyarta. Da hoton ya fito, ga Mirko raɗau har gashin hancinsa, ga karya kwance, amma ana hango katakon daɓe ta cikin jikinta. A teburina kuka buɗe shi.

Mirko ya ce, "Kai, Mai Lulluɓi, ka kashe mini karya ka bar ni da fatalwarta!"

Ka ce, "Ita ta jawo. Abin da ya zauna shi ke fitowa. Wanda ya zauna rabi, ya fito rabi. Mai kai-da-kawo kuwa ba ya fitowa sam."

"Ashe shi ya sa ba ka da hoton manaja ko ɗaya."

Kun yi dariya har tari ya sarƙe shi. Kai kanka kuwa ba ka yarda a ɗauke ka. Ko a bikin Narelle kana bayan mayafi. In ban da na lasisin tuƙi, wanda ka fito kamar ɓarawon tumaki, ba mu da hotonka ko ɗaya.

Abin da ka yi mini ni da Glen, ba zan iya lissafa shi ba, kuma na san da kana nan da ka ce in rufe maka baki. Shekarun farin nan da tankina ya ƙafe ƙaf, kana zuwa da sassafe ka juye mini ruwa ka sulale, wai kada in sani. Motar da ake jin ƙararta tun daga maƙabarta! Ina kwance ina jin ka, ina ƙyale ka, don na san godiya ta fi zagi yi maka ciwo. Rufin gidana kai ne, kuɗin makarantar Glen da hannunka a ciki, ranar aurensa kai ka tsaya a wurin uba, kana ta jan wuyan riga.

Wata la'asar ka kafa kyamara a barandata, ka fuskantar da ita tudu, ka ce in zo in leƙa. Na shiga mayafin, zafi da warin tsohuwar fata da na tabar da ka rantse ka daina. A jikin gilashin baya sai ga duniya a kife. Sararin sama a ƙasa, jar ƙasa a sama, hasumiyar Esme tana reto kai ƙasa.

Na ce, "Abin naka ya lalace."

Ka ce, "Haka yake gani. A nan ciki, na ƙasa su ne a sama."

Na daɗe a cikin mayafin nan fiye da yadda kallon ke bukata, kai kuma ka juya baya kana gyara wata ƙusa da ba abin da ya same ta. A ranar ne na fara roƙon ka. Na ce ni ba zan iya hawa ba, amma ina so in ga lambar Des a rataye, ko sau ɗaya. Ba ni da kabarin da zan kai furanni, ba ni da dutsen da zan share wa ƙura. Abin da ya rage a bayan ƙasa da ke cewa an yi wani Des Penhall, kuma ga inda yake, wannan 'yar tagullar ce. Ka ce to.

Wannan "to" ta shekara fiye da ashirin. Ka ɗauki bencin da ke gaban allon. Ka ɗauki tagar da ke gefensa. Ka ɗauki ƙugiyoyin rataye kaya da ke samansa. Allon kansa kuwa, kullum haske bai yi ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ni na dafa, ban ga romo ba. Wata Kirsimeti, bayan rasuwar Fay, muna wanke kwanuka, haƙurina ya ƙare. Na ce ka ɗauki hoton sabulu, ka ɗauki na takalmin da ba a san mai shi ba, amma ɗan'uwanka bai kai darajar falle ɗaya ba? Na faɗi maganganu masu zafi, kuma ban janye su ba har yau, don a lokacin gaskiyata ce.

Ka ajiye farantin da ke hannunka, ka ce, "Coral, hoto tsayar da abu yake yi. In na ɗauke ta a rataye, ta ratayu ke nan har abada. Kullum kika ɗaga ido bango, Des yana ƙasa. Ni na baro shi can sau ɗaya, ba zan sake baro shi a takarda ba."

Na ce, "To ɗauko mini ita."

Ka ce, "Kin san ba a yi."

Na sani. 'Yar mahaƙi ce ni, matar mahaƙi. Muka ƙarasa wanke-wanken, ban ƙara tayar da zancen ba.

Sai bara, wajen ƙarshen shekara, labari ya zo cewa za a rushe gine-ginen tudun a toshe bakin ramuka da kankare, wai don kada masu yawon buɗe ido su faɗa. Watan Fabrairu za a fara. Mirko ya yi ta buga sanda a mashaya yana cewa ba ɗan Carrow da zai hau katafila a ture ɗakin da lamba ke rataye a ciki. Gaskiya ya faɗa, amma ba 'yan Carrow aka ba kwangilar ba. Waɗanda za su zo, allon nan a wurinsu ruɓaɓɓen katako ne. Na daina barci sosai. Ina ganin yadda za a ture bango, lambar ta bi tarkace, a kwashe a zuba a wani kwazazzabo, shi ke nan Des ya ɓace sau biyu, ni kuma ban gan ta ba ko a takarda.

Kai kuwa jiki ya riga ya gaya maka. Likita ya hana ka ɗaukar kaya mai nauyi, ya hana ka shiga rana, idonka na dama ya yi hazo har sai ka sa gilashin ƙara girma kafin ka daidaita hoto. Ranar Lahadin ƙarshe ka zo cin abincin rana, ka ci kaɗan, ka zauna kana juya kofi.

Ka ce, "Talata zan hau."

Na ce, "A wannan zafin? Sai ranar tafiya za ka fafe gora? Shekara nawa kana da sanyin hunturu ba ka yi ba."

"Da hantsi rana tana shigowa ta hudar kwano ta faɗa daɓe, ta haska allon daga ƙasa. A watan nan kaɗai take yin haka."

"Ashe ka san hasken tuntuni."

"Na sani."

"To ka tafi da Mirko."

"Mirko surutu gare shi."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Da na san ita ce, da na zaɓi wadda ta fi ta daɗi, amma mu biyu ba mu taɓa iya wannan ba.

Ranar Talata da azahar Mirko ya tsaya a ƙofata, hula a hannu. Mutumin da bai taɓa shiga gidana da sallama ba, ranar ya ƙwanƙwasa. Ya ce ya ga motarka ba ta sauko ba har rana ta take, ya bi sawu. Ya gaya mini yadda ya same ka. Sa'an nan ya buɗe tafin hannunsa. Ya ce ya laluba aljihun rigarka yana neman ƙwayar maganin zuciyarka, aljihun a rufe da maɓalli, sai ya ji wannan. Tagullar ta yi duhu, ta yi kore a gefe, amma na karanta lambar tun kafin ya miƙo.

Ba zan ɓoye maka ba, Lyall, kafin kuka ya zo mini fushi ne ya fara zuwa. Na ce a raina mutumin nan ya mutu bai bar halinsa ba. Hoto na roƙa, in gan ta a inda Des ya rataye ta da hannunsa. Yanzu ga ta a tafin Mirko, ƙusar ta zama fanko, abin da nake son gani ya shuɗe, kuma kai ka shafe shi. A mashaya ma tsofaffi sun yi ta gunaguni ƙasa-ƙasa, suna jin nauyin gawa, amma suna cewa ba a taɓa yi ba. Mirko bai ce komai ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Narelle ta iso daga Adelaide washegari. Tana buɗe akwatin kyamararka ta kira ni. Gidan fim ɗaya kacal ka hau da shi, falle ɗaya a ciki, bakin murfin kuma baƙi ne a waje.

Ta ce, "Anti Coral, Baba ya ɗauka."

Na ce, "Ya ɗauki me? Allo da lamba, ko allo fanko?"

"Sai an wanke."

Ita ma'aikaciyar jinya ce, rabonta da ɗakin duhunka tun tana budurwa. Ta ce a aika birni wurin masu sana'ar. Na ce fallen nan ba zai hau motar kowa ba, a ɗakin da ubanta ya wanke sauran za a wanke shi. Ta kwana biyu tana gwaji da wasu fallaye marasa amfani har hannunta ya tuna. Ranar da za ta taɓa na gaskiyar ta ce in shigo in zauna, ba za ta iya ita kaɗai ba. Muka rufe ƙofar tsohon ɗakin wankin da ka mayar ɗakin duhu, rana tsaka a waje, ciki ko tafin hannu ba a gani. Ina zaune a kan kujerarka ina jin motsin ruwan magani a faranti da numfashinta. Kuskure ɗaya ya isa, kuma ba wani fallen, ba wani allon, ba wani kai. Ban taɓa yin addu'a a kan abu mara rai ba sai ranar.

Da fallen ya bushe ta ɗora shi a kan takarda, ta haska, ta tsoma takardar a faranti ƙarƙashin jar fitila. Da fari ba komai. Sai inuwa ta fara tasowa. Gefen allon ya fito, sai layukan ƙusoshi, kowace da 'yar inuwarta tana kallon sama saboda hasken da ka ce yana tasowa daga daɓe. Jijiyar katakon, tsagar da ke kusurwa, saƙar gizo-gizo, komai raɗau. A layi na uku, wajen hagu, ga lambar Des a rataye. Na karanta ta. Gani ya kori ji, na gan ta a inda ya bar ta.

Amma ta cikin jikinta ana hango katakon da ke bayanta.

Narelle ta rufe baki da bayan hannu. Ni na riga ta ganewa, don na tuna karyar Mirko. Ka buɗe idon kyamara, ka bar lambar ta zauna rabin lokacin, sa'an nan ka taka ka je ka cire ta, ka bar sauran rabin ya ɗauki ƙusa fanko. Na roƙi in gan ta a rataye, ga ta a rataye. Ka rantse ba za ka baro shi a takarda ba, ga shi kuwa yana fita. Shekara ashirin ina cewa taurin kai ne, ashe hanya kake nema da za ka cika mini alkawari ba tare da ka sake barin ɗan'uwanka a ƙasa ba.

Daga gefen dama kuma akwai wani abu kamar hayaƙi, ya miƙo daga bakin hoton zuwa ƙusar. Narelle ta kawo gilashin ƙara girmanka. Hannu ne. Ana iya gane yatsu, da bakin hannun rigar nan taka mai yagewar da na sha cewa ka kawo in ɗinke.

Ta ce, "Anti, kafin hannu ya fito ko da haka, sai ya daɗe a wurin. Ba fizge ta ya yi ba. Ya riƙe ta, ya daɗe yana riƙe da ita."

A nan kukan ya zo, nawa da nata, a cikin warin maganin nan mai hawa kai.

Da yamma na kai wa Mirko hoton. Ya sa tabarau, ya kai shi bakin taga, ya daɗe yana kallo. Na ce masa in yana da maganar karya hannu, ga hannun nan, ya makara. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Dokar cewa ta yi kada ka cire lambar wanda ba ka ga fitowarsa ba. Tare suka sauka, Coral. In akwai mai ikon cewa ya fito da shi, wannan yaron ne." Yaro, wai kai, da furfurarka. Daren nan ya je mashaya ya faɗi haka da ƙarfi, gunagunin ya mutu.

Ranar jana'izarka, kafin a rufe akwati, na sa lambar a aljihun rigarka na ɓalla maɓallin, yadda ka yi. Glen ya tambaye ni ko na tabbata, tunda ita kaɗai ta rage mini. Na ce na tabbata. Hoton yana bangon ɗakina, a can nake son ta. Tagullar kuwa ta gaji da rataya, ta kwanta. Dutsen da za a kafa a kanka suna biyu za a sassaƙa masa, Narelle ta yarda. A kan akwatin kuma, inda ake ɗora hoton mamaci, wannan hoton muka ɗora, tunda shi kaɗai ne ka yarda ka shiga.

Katafilolin sun iso makon jiya. Ina jin su daga baranda, ƙura tana tashi ja a kan tudu. Hasumiyar ta faɗi ranar Alhamis, yanzu in na ɗaga kai daga shanya sai sarari. Garin ya ƙara yin shiru, kuma ba wanda zai sake zuwa da sassafe da motar da ke tayar da matattu. Ina kewarka, Lyall, kewa mai tsanani. Na rasa abokin faɗa, kuma a shekaruna ba a yin sabo. Amma jiya na je maƙabarta da furanni, karo na farko a rayuwata da na san inda zan ajiye su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Narelle da mijinta da 'ya'yansu, ga Glen wanda ya rasa uba karo na biyu, ga Mirko da sauran tsofaffin Esme da suka rage, da duk gidan da hoton mahaifinsu ke rataye a bango ta dalilin wannan bawan Allah. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.

Kai kuma, Mai Lulluɓi, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya yafe maka taurin kai kamar yadda na yafe. Ya lulluɓe ka da rahamarsa, ya sanyaya makwancinka, ya sada ka da Fay da Des a wurin da haske ke jin magana. Allon ya zama fanko, Lyall. Kowa ya fito. Ka huta.